Yadda Ake Gano Tankin Masai Da Aka Binne, Da Yadda Ake Bar Masa Ƙofa

A gidaje da yawa na Kano, Kaduna, Zariya, Sakkwato da Maraɗi, ranar da aka zuba dekin ramin masai ita ce ranar ƙarshe da wani ya sa shi a ido. An bi da ƙasa an cike, daga baya aka yi daɓen siminti ko aka shimfiɗa intalok, wani ma ya ɗora shago ko ɗakin maigadi a kai. Shekara biyar, shekara shida, babu wanda ya tuna da shi. Sai tsakiyar damina ruwa ya ƙi wucewa a banɗaki, a kira motar yasa, direba ya ce, "Alhaji, ina bakin yake?" a rasa mai amsawa. Daga nan sai a shiga fasa tsakar gida da diga, nan a fasa a ga ba shi ba ne, can a fasa a huda bututun ruwan sha.

Duk wannan ɓarnar ana kauce mata idan aka nemi ramin tun yana aiki lafiya, aka ɗaga masa wuya ya iso saman ƙasa, aka yi masa murfin da ake gani kuma ake iya ɗagawa. Aikin kwana biyu zuwa uku ne, ban da kwanakin da kankaren murfi zai ɗauka kafin ya yi ƙwari, kuma lokacin da ya fi dacewa da shi rani ne, kafin ruwan farko.

Ka fara sanin abin da kake nema

A gidan da aka gina yadda ya kamata, ramuka biyu ne ba ɗaya ba. Na farko shi ne tanki: an gina shi da bulo inci 9 da aka cika da kankare, an yi masa daɓe a ƙasa da filasta a ciki don kada ya zubar. Yawanci dogo ne, tsawonsa ya ninka faɗinsa sau biyu ko uku, kuma akwai bango a ciki da ya raba shi gida biyu, ɗakin farko ya ɗauki kashi biyu cikin uku. A cikinsa abu mai nauyi yake kwanciya ya zama taɓo, maiƙo da tarkace su taso sama su yi ɓawo, ruwan da ke tsakiya kuma ya wuce gaba. Na biyun shi ne sokawe, inda ruwan yake zuwa ƙasa ta shanye. Shi ba a yi masa daɓe, kuma ana barin tazara tsakanin bulo da bulo don ruwa ya samu hanya.

Bambancin nan yana da amfani ƙwarai, domin tanki ake yashewa. Idan mota ta tsotse sokawe kawai ta tafi, ka biya kuɗin kwashe ruwa ne, taɓon da ya jawo matsalar yana nan inda yake, bayan mako biyu ko uku banɗaki zai sake tsayawa. A wasu gidajen kuma, musamman na cikin gari masu ƙaramin fili, rami ɗaya tak aka yi yana aikin biyun, sau da yawa ma a waje yake, a ƙofar gida bakin layi. Kada ka ɗauka naka biyu ne sai ka gani da idonka.

Tambaya tukuna, sannan bin bututu

Kafin ka taɓa ƙasa, tambayi mutane. Wanda ya sayar maka da gidan, birkilan da ya yi ginin, mai aikin famfon da ya jera bututu, tsohon ɗan haya, maƙwabcin da ya riga ka zama a layin. Idan rukunin gidaje ne da kamfani ɗaya ya gina, duba inda na maƙwabcinka yake, galibi naka yana daidai wurin ko kuma a ɗaya gefen. Zanen ginin da aka kai wa hukumar tsara birane, kamar KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna, yakan nuna inda aka tsara a sa ramin. Ka ɗauke shi a matsayin mafari kawai, domin sau tari idan masu haƙa rami suka ci karo da dutse ko marmara mai tauri sai su matsa gefe, ba kuma wanda zai koma ya gyara takarda.

Hanyar da ba ta ƙarya ita ce bin bututun. Zaga bayan banɗaki ka nemi bututun roba mai faɗin inci 4 da ya fito daga bango ya nutse a ƙasa. Ƙananan bututu masu inci 2 na ruwan wanka ne da na kicin, kuma a gidaje da yawa kwata suke bi, don haka kada su ɗauke maka hankali. Kusa da inda babban ya nutse za ka tarar da cemba, ɗan ƙaramin akwatin siminti mai murfi. Ana yin ta a duk inda bututu ya yi kwana ko biyu suka haɗu, saboda haka tsakanin cemba da cemba bututun miƙe yake. Wannan shi ne abin da zai jagorance ka.

Ɗaga murfin, ka sa wani ya kora ruwa a banɗaki, ka kalli ta inda ruwan ya shigo da ta inda ya fita. Idan gidan yana da banɗaki da yawa, jiƙa ɗan bula a bokiti a zuba a ɗaya, shuɗin ruwan zai nuna maka wace hanya ce tasa. Bi ta haka har ka kai cemba ta ƙarshe, wadda babu wata a gabanta. Daga ita sai tanki.

A cemba ta ƙarshen, samu tiyo mai ɗan tauri ko siririn bututun wayar wuta, ka tura shi cikin bututun da ke fita, a hankali. Zai yi ta tafiya har ya tsaya, ko ka ji ya saki ya faɗa fili. Idan ya tsaya cak da ƙara mai tauri, yawanci ya bugi mahaɗar da ke bakin tanki ne. Ɗaura tsumma a daidai inda tiyon ya shiga, zaro shi, ka shimfiɗa shi a saman ƙasa ta fuskar da bututun ya nufa. Inda bakinsa ya tsaya, nan bangon tanki yake, ko da kuskure ba zai wuce ƙafa ɗaya ba. Sa safar hannu ta roba, kuma ka wanke tiyon da ruwan bilic bayan an gama.

Zurfin ma ana iya ƙiyasta shi. Bututu inci 4 ana ba shi gangare kusan santimita 2.5 a kowace mita. Idan ya bar cemba a zurfin santimita 40 ya yi tafiyar mita 8, zai isa tanki a wajen santimita 60. Dekin kuwa yana sama da bututun, don haka ba zai yi nisa da saman ƙasa ba, sai fa idan an yi wa gidan ciko daga baya, abin da ke faruwa sosai a unguwannin da aka ɗaga titi ya fi gidaje tudu.

Abin da ƙasa ke nunawa

Wani lokacin ita ma cembar an binne ta. To sai a koma ga alamu. Bututun shan iska da ya tsaya shi kaɗai a jikin katanga, ba kusa da wani banɗaki ba, kusan kullum daga tanki ko sokawe ya fito. A fili mai ciyawa, saman dekin yakan riga ko'ina bushewa saboda ƙasar wurin ba ta da kauri, sai ka ga tabo mai kusurwa huɗu. Gefen sokawe kuma akasin haka ne, ciyawa shar ko a watan Maris. A daɓen siminti, nemi tsagewar da ta tafi a miƙe ta yi kwana, domin cikon da ke kewaye da rami yana zama a hankali alhali dekin bai motsa ba, sai daɓen ya tsage a kan iyakarsu. Intalok ma haka yake yi, ya lotsa a kewaye ya bar tsakiya a tsaye. Ƙwanƙwasa daɓen da ƙotar guduma kana tafiya, inda akwai rami a ƙasa ƙarar takan canja ta yi zurfi.

Inda ƙasa ce zalla, a yi amfani da rodi. Mai walda ya yanko maka rodi milimita 12 mai tsawon mita ɗaya da rabi, ya yi masa mariƙi a sama, bakin kuma a dakushe shi, kada a fiƙe. Jiƙa wurin da yamma, da safe ka bi layin bututun kana soka rodin da nauyin hannunka duk bayan ƙafa ɗaya ko biyu. Dutse yakan tare rodi a wuri guda, ka matsa kaɗan ya wuce. Dekin kuwa zai tare shi a zurfi ɗaya a wurare da yawa a jere. Idan ka same shi, ci gaba da sokawa ta kowace fuska har rodin ya zarce, ka kafa turaku a kusurwoyi huɗun.

Kada a doka rodin da guduma. Bututun roba da ya kwana a ƙasa shekaru ba ya jure duka, kuma a gidaje da yawa wayar da ke kai wuta ga injin borehol ko fitilar ƙofa tana kwance a ƙasa ba zurfi. Kashe wutar gidan daga babban makunni, a kashe janareta da inbata, kafin a fara.

Tono da buɗewa

Ba sai an tone saman tankin duka ba. Bakin yana zama a ɗaya daga wurare uku: kan inda bututu ya shigo, kan inda ya fita, ko kan bangon tsakiya. Fara ta wajen shigowa, da shebur, ba diga ba. Idan tayil ne ko daɓe, a yanka murabba'i da injin yankan tayil maimakon a farfasa, gyaran zai fi sauƙi. Murfin zai bayyana a matsayin ƙaramin falle da aka liƙe gefensa da siminti, wani lokaci da ɗan lanƙwasasshen rodi a sama. A kankare liƙin a hankali, a share ƙasar gefe tas don kada ta zube ciki, sannan mutum biyu su ɗaga.

Nan ne wurin da ake rasa rayuka, kuma muna roƙon mai karatu kada ya tsallake wannan sashe. Cikin tanki babu isasshiyar iskar shaƙa. Akwai haidirojin salfaid, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda ta fi iska nauyi don haka take kwanciya a ƙasan rami. Idan ta yi yawa tana kashe jin wari, mutum ya ɗauka ta tafi alhali lokacin ta fi haɗari, kuma shaƙa kaɗan ta isa ta sumar da ƙato. Akwai kuma metan, wadda ke fashewa idan ta kai kashi 5 zuwa 15 cikin 100 na iskar wuri ta haɗu da tartsatsi. Saboda haka idan an ɗaga murfi kowa ya ja baya ta inda iska ke tahowa, a bar shi a buɗe aƙalla rabin awa. Ba ashana, ba sigari, ba kyandir, ba murhu a kusa. A haska da tocila daga sama, kada a zura kai.

Ba a shiga. Ko waya ce ta faɗa, ko kuɗi, ko akuya, a haƙura ko a jawo da ƙugiya. Takunkumin hanci da jiƙaƙƙen tsumma ba sa tare wannan iskar ko kaɗan. Abin da ya sa irin wannan hatsari yakan ci mutum biyu ko uku a gida ɗaya shi ne, na farko ya faɗi, ɗan'uwansa ya bi shi don ceto, shi ma ya faɗi. Idan wani ya faɗa, a kira 'yan kwana-kwana nan take, a buɗe duk wani murfi da ke akwai don iska ta shiga, a yi ƙoƙarin jawo shi daga sama. A kulle yara a ɗaki muddin ramin yana buɗe, kuma kada a bar shi ba mai tsaro ko na minti biyar.

Tsohon deki ma abin tsoro ne. Iskar haidirojin salfaid ɗin nan idan ta haɗu da danshi a ƙarƙashin dekin takan rikiɗe ta zama asid mai cin siminti, rodi ya fito fili ya yi tsatsa, daga sama kuwa ba za ka ga komai ba. Ɗaura madubi a sanda ka zura ta bakin, ka haska shi da tocila. Idan ka ga rodi a waje, ko kankaren yana marmashewa fari-fari kamar alli, dekin ya gama aiki, sai sabo. Kafin a tabbatar da lafiyarsa, a gitta katako masu kauri daga bango zuwa bango a riƙa takawa a kai.

Akan tarar da tankin da aka zuba wa deki ɗungurungum ba a bar baki ba sam. Wannan ba aikin yaron unguwa ba ne. A samu birkilan da ya san kankare ya yanke baki kusa da bango ta wajen shigowar bututu, ba a tsakiya ba inda dekin ya fi ɗaukar nauyi. A buɗe cemba da bututun iska tun sa'o'i kafin a fara, a riƙa zuba ruwa a kan yankan don kashe tartsatsi, a kuma ɗaure fallen da ake yankewa don kada ya rufta ciki ya karya bututu.

Ɗaga wuya da yin murfi

Da zarar an samu bakin, kada a sake mayar da ƙasa a kansa. A gina masa wuya. Faɗin ciki kada ya gaza santimita 60 kowane gefe, wato ƙafa biyu, domin ta nan tiyon mota zai shiga, ta nan za a zura sanda a dama taɓo, ta nan kuma za a ga mahaɗar bututu. A wanke saman dekin, a ɗan sassare shi don siminti ya kama, a jera bulo inci 6 a kewaye, a cika ramukansa da kankare. A yi filasta ciki da waje da kwaɓin siminti ɗaya yashi uku. Na wajen shi aka fi mantawa, kuma ta nan ruwan sama da saiwa suke shiga.

Wuyan ya fi saman ƙasa tudu da santimita 5 zuwa 10, a kuma karkatar da daɓen kewaye yadda ruwa zai gudu daga gare shi. Ruwan sama na dare ɗaya da ya samu hanya ta bakin tanki ya isa ya cika shi, ya tayar da taɓo ya tura shi sokawe. Idan tankin mai ɗaki biyu ne, kowane ɗaki ya samu bakinsa. Idan kuɗi bai kai ba, a yi baki ɗaya mai ɗan tsawo a kan bangon tsakiya yadda zai leƙa ɗakunan biyu. Shi ma sokawe a yi masa nasa.

Murfin kankare ya fi dacewa da yawancin gidaje, domin ba ya tsatsa kuma ba ya jan hankalin masu sayen ƙarfe. A yi kaurinsa santimita 10, da rodi milimita 10 a saƙa tazarar santimita 15, kwaɓin kuma siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. A ɗaga rodin da 'yan duwatsu yadda zai samu kankare kusan santimita 4 a ƙarƙashinsa, saboda ta ƙasa iskar ke ci. Murfi mai santimita 70 kowane gefe a wannan kauri yana kusan kilo 118, ya yi wa mutum biyu nauyi, kuma murfin da ya gagari ɗagawa ƙarshensa guduma. Gara a zuba shi falle biyu, kowanne 70 da 35, wajen kilo 59. Manya biyu za su ɗaga ba wahala, yaro kuwa ba zai iya motsa shi ba. A sa wa kowane falle mariƙi biyu na rodi. A yi ta ba shi ruwa kwana 7 a inuwa, kada a ɗora masa nauyi sai ya yi kwana 28. Idan aka shafa wa cikinsa baƙin fentin kwalta zai ƙara daɗewa.

Wajen rufewa, kada a liƙe da siminti mai ƙarfi. A shimfiɗa yankakken tsohon tub na taya a kan leɓen wuyan a ɗora murfin, ko a toshe gefen da kwaɓi mai rauni, siminti ɗaya yashi takwas zuwa goma, wanda cokalin birkila zai iya kankarewa. Liƙin dole ne, domin kafa ƙarama ta ishi sauro ya shiga ya hayayyafa, ta ishi kyankyaso ya fito.

Wanda ba ya son ganin kankare a tsakiyar tayil ɗinsa yana da mafita. Mai walda ya haɗa firam na ƙarfe mai kusurwa, inci 2, da tire da zai zauna a ciki, a jera tayil ko intalok ɗin a cikin tiren. Daga nesa ba a bambance shi da sauran daɓen, amma ana ɗaga shi. Aibinsa tsatsa, don haka a shafa masa fenti da giris a gefe duk shekara, a ƙarƙashinsa kuma a sa murfi na biyu mai toshe wari. Inda mota ke takawa, wannan bai isa ba, kuma gaskiyar magana dekin da aka saba zubawa a gidaje ba don ɗaukar mota aka yi shi ba. A canja wurin ajiye motar, ko a kafa 'yan ginshiƙai da za su hana ta hawa.

Bututun shan iska ya kasance inci 3 ko 4, ya wuce bakin rufin gida da aƙalla rabin mita, nesa da taga, a ɗaure masa ragar sauro a baki. Ragar takan toshe da ƙurar hunturu da yanar gizo, a duba ta sau ɗaya a shekara.

Rubuta wurin, ka bar wa mota hanya

Ko da murfin yana fili yau, wani zai iya binne shi gobe. Zaɓi abu biyu da ba sa motsi, kamar kusurwar ginin gida da ginshiƙin ƙofa, ka auna daga kowanne zuwa tsakiyar murfi. Awo biyun nan sun isa a gano wurin ko bayan shekara 20. Kada ka auna daga bishiya ko rumfa. Zana shi a takarda tare da hanyar bututu, cemba, sokawe da girman tankin, ka ajiye cikin takardun gida, ka ɗauki hotonsa a waya ka tura wa uwargida da babban ɗa. Idan gidan haya ne, kwafi ɗaya ya zauna wurin wakilin mai gida, a kuma rubuta a yarjejeniya wanda zai biya kuɗin yasa.

Sannan ka tsaya a bakin murfin ka dubi hanyar da tiyo zai bi zuwa titi. Yawan nisa yana rage ƙarfin tsotso, taɓo mai kauri kuma ba ya son doguwar tafiya, don haka abin so shi ne motar ta tsaya cikin mita 20 zuwa 30. Idan tankin yana bayan gida jikin katanga, a huda katangar a sa guntun bututu inci 6 mai marfi, tiyo ya riƙa shigowa ta nan maimakon a ratsa da shi ta zaure da tsakar gida. Motar kada ta hau kan deki ko gefen sokawe ko da wasa, domin tankin mota mai lita 10,000 abin da ke cikinsa kaɗai ya kai tan 10.

Yadda za ka san lokacin yasa ya yi

Amfanin murfin da ake ɗagawa shi ne a riƙa dubawa sau ɗaya a shekara. Tankin da ke aiki daidai kullum a cike yake har daidai ƙasan bututun fita, da sararin kusan ƙafa ɗaya a sama, saboda haka ganin ruwa ba dalilin kiran mota ba ne. Idan ruwan ya haura bututun fita, ko dai bututun ya toshe ko sokawe ya daina sha. Idan ya yi ƙasa da shi sosai, tankin yana yoyo, kuma wannan babbar magana ce idan akwai rijiya a kusa. Tazarar da ake so tsakanin sokawe da rijiya ko borehol mita 30 ce, tanki kuma kada ya gaza 15.

Taɓon ake aunawa. Samu gora ko sanda mai mita 3, ka naɗe mita ɗaya ta ƙasa da farin tsohon tawul, ka ɗaure tam. Huda ɓawon sama, ka zura sandar a ɗakin farko har ta taɓa daɓe, ka bar ta minti uku zuwa biyar, ka zaro a hankali. Baƙin da ya kama tawul shi ne kaurin taɓo. Haɗa shi da kaurin ɓawon. Idan sun kai kashi ɗaya cikin uku na zurfin ruwan, a fara shirin yasa, kada a jira su kai rabi. Ga misali: tanki mai mita 2.4 da 1.2 a ciki, zurfin ruwa mita 1.5, yana ɗaukar lita 4,320. Ana lissafa wa mutum ɗaya kusan lita 40 na taɓo a shekara idan ruwan wanka da wanke-wanke na shiga, gida mai mutum 10 ke nan lita 400. Kashi ɗaya cikin ukun, lita 1,440, zai cika cikin shekara uku da rabi. Gidan haya mai mutum 30 a kan tanki irin wannan bai fi shekara ɗaya da 'yan watanni ba.

Ka duba mahaɗar nan mai siffar T da ke bakin bututun shiga da na fita. Ta fitar ita ce ke hana ɓawo wucewa. Idan ta karye ko ba a sa ta ba tun farko, maiƙo zai tafi sokawe ya toshe ƙofofin ƙasa, kuma sokawen da ya toshe da maiƙo ba ya warkewa da yasa, sai a haƙa sabo. Kuɗin mahaɗar bai taka kara ya karya ba, ana kuma iya sa ta daga sama idan bakin yana daidai kanta.

Ranar yasa, ka tsaya a wurin. A buɗe babban baki, ba ta cemba ko bututun iska za a zura tiyo ba. A fasa ɓawon, a dama taɓon da doguwar sanda, a ƙara ruwa idan ya yi tauri, a kwashe ɗakunan biyu. A bar ɗan taɓo kamar santimita 10 a ƙasa don ƙwayoyin da ke narkar da ƙazanta su ci gaba da aiki, kuma kada a wanke cikin da maganin kashe ƙwayoyin cuta. A guji yasa a tsakiyar Agusta inda ruwan ƙasa ke kusa, domin jiƙaƙƙiyar ƙasa tana danna bangon da babu komai a cikinsa har ya rufta, tankin roba kuma yana iya tasowa sama. Afrilu ko farkon Mayu ya fi. Tambayi direba inda zai kai kayan, wanda zai juye a kwata ko gefen gona bai cancanci aikinka ba. Idan layinku mota ba ta shiga sai masu yasa da hannu, ka nace su yi aikin daga sama da guga mai dogon mariƙi, da takalmin roba da safar hannu.

Kananzir, baƙin mai, kabaid da buhun gishiri da wasu ke zubawa wai don rami ya sauka ba sa rage taɓo. Suna kashe ƙwayoyin da ke aikin, su gurɓata ruwan rijiya, kananzir da kabaid kuma suna ƙara haɗarin fashewa. Abin da ke tsawaita kwanan tanki shi ne hana shi ƙunzugun yara, audugar mata, ledar fiya wata, tsumma da ragowar man suya, da kuma kawar da indararo daga kansa. Darbejiya, mangwaro da bishiyar turare suna bin danshi da saiwarsu har su shiga ta mahaɗar bututu da gefen wuya, don haka a dasa su aƙalla mita 10 daga ramin. Wadda ta riga ta girma a kusa, a riƙa buɗe cemba ta ƙarshe duk wata shida ana yanke saiwar da ta leƙo, a kuma toshe kafar da ta shigo da siminti.